Zauren Tambaya da Amsa: Tsofaffin Gidajen Giya na Sabon Gari da Masu Tuna Su

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru a kan magana ɗaya, wadda ba kasafai ake yin ta a bainar jama'a a Zariya ba, ko da yake da wuya a sami dattijon da ya yi aikin albashi a garin nan wanda bai san ta ba, wato ƙananan gidajen giya na Sabon Gari da Samaru da bakin bariki, waɗanda yawancinsu sun shuɗe, da mutanen da har yau suke tuna su. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu wasiƙun, mun kuma taƙaita wasu.

Tambaya ta farko

Malam, bayan gaisuwa mai yawa. Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na kama aiki a tashar Zariya a 1973, shekarar da aka bar fam aka koma naira. A ƙuruciyata akwai wani ɗan gidan giya a wani lungu na Sabon Gari inda muke taruwa in an tashi daga aiki. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano, bencina huɗu, da firji mai kananzir wanda sanyinsa sai an yi sa'a. Matar da ke da wurin mutuniyar Kudu ce, tana da littafin bashi, tana kuma yin farfesun kan akuya wanda ban sake cin irinsa ba. A nan direban jirgi da lebura da akawu da malamin makaranta suke zama benci ɗaya, ba wanda ke ce wa wani ranka ya daɗe. Na daina sha tun da daɗewa, na tuba, Allah ya kuma nufe ni da sauke farali. Amma kwanan baya na bi ta lungun, na tarar an rushe wurin an yi shaguna, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Shin wannan alama ce ta cewa tubata ba ta cika ba? Sa'an nan akwai naira goma da matar ta ranta mini ranar da aka kwantar da iyalina a asibiti, har aka yi mini canjin wurin aiki ban biya ba.

Daga wani dattijo, Muciya.

Amsa

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta wasiƙarka a tsanake, abin da na fara lura da shi kuwa shi ne abubuwan da ka lissafa. Ka ambaci rumfa da benci, ka ambaci farfesu da littafin bashi, ka ambaci lebura da akawu a wuri ɗaya, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci ɗanɗanon abin da ke cikin kwalbar ba, ba ka kuma ce kana marmarinsa ba. A ganina ƙwallar da ta zo maka ta ƙuruciyarka ce da ta wuce, da abokan da yawancinsu ƙasa ta rufe, da wani irin zama na ba babba ba ƙarami wanda ba ka sake samu ba tun da girma ya hau ka aka fara russuna maka. Mutumin da ya yi shekaru yana gaida manyansa a ofis da safe, ya kuma gaida manyan unguwa da maraice, ba abin mamaki ba ne in ya tuna wuri ɗaya tak da aka san shi da sunansa na yanka, ba da muƙaminsa ba.

Malamai sun bayyana sharuɗɗan tuba: barin laifin, da nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi in akwai haƙƙin wani a ciki. Ba su sanya mantuwa a cikin sharuɗɗan ba, domin mantuwa ba a hannun ɗan Adam take ba. Ya zo a cikin Sahihu Muslim daga Jabir ɗan Samura, Allah ya yarda da shi, cewa sahabbai sukan zauna bayan sallar asuba suna hira, su ɗauko al'amuran zamanin jahiliyya suna dariya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana murmushi. Waɗannan mutane ne da da yawansu sun sha giya kafin a haramta ta, haramcin ma ya sauko ne daki-daki, daga aya ta 219 a Suratul Baƙara, zuwa ta 43 a Suratun Nisa'i, har hukunci na ƙarshe a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Tuna abin da ya wuce bai rage musu imani ba.

Sai dai akwai iyaka, kuma ya kamata dattijo kamarka ya san inda take. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa dukkan al'ummar Annabi ana yi musu afuwa sai masu fallasa kansu, wato wanda ya aikata laifi da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya shiga ba mutane labari. Saboda haka ba da labarin yadda matar nan ta taimake ka, ko yadda wani abokinka ya yi maka rana, abu ne daban. Zama a gaban jikoki ana alfahari da yawan kwalaben da aka tashi da su a dare ɗaya kuma abu ne daban. In ka ji zuciyarka tana cewa ina ma a koma, to wannan shi ne abin tsoro, sai ka yawaita istigfari. In kuwa abin da kake ji shi ne ina ma in sake ganin su wane, to wannan zumunci ne yake motsi, maganinsa kuwa a bayyane yake: ka nemi waɗanda suka rage da rai ka ziyarce su, ka leƙa iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Maganar naira goma ita ce ta fi nauyi a wasiƙarka, ko da yake ka ajiye ta a ƙarshe. Wannan rance ne na tsabar kuɗi da aka ba ka cikin halin buƙata, bashi ne tabbatacce, bambancin addini ko irin sana'ar mai shi ba su sauke maka shi ba. Ka bincika a tsakanin tsofaffin mazauna lungun, da shugabannin ƙungiyar mutanen garinsu, domin irin waɗannan ƙungiyoyi a Sabon Gari sukan san inda kowa ya koma. In ta rasu, magadanta ke da haƙƙin. Kada kuma ka miƙa musu naira goma ta yau, wadda ko ashana ba za ta saya ba, alhali a wancan zamani kuɗin abincin gida ce na kwanaki masu yawa. Ka ƙiyasta abin da ya dace, ka ƙara da alheri, domin mafificin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. In ka yi iyakar ƙoƙarinka ba ka sami kowa nata ba, sai ka bayar da kuɗin ga mabukata da niyyar sauke haƙƙinta.

Tambaya ta biyu

Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, ba kuma ɗan garin nan ba ne. Na lura cewa duk labarin gidajen giya da nake ji daga bakin manya, a Sabon Gari ne ko Samaru ko kusa da barikin soja, ban taɓa jin an ce cikin Birni ba. Shin doka ce ta raba su haka, ko kuwa al'ada ce kawai?

Daga wani ɗalibi, Samaru.

Amsa

Malam ɗalibi, duka biyu ne, amma doka ce ta shata layin, jirgin ƙasa kuma ya kawo mutanen da suka zauna a bayansa. Birnin Zazzau da ke cikin ganuwa yana ƙarƙashin Sarki da alƙalansa tun kafin zuwan Turawa, hukuncin da ake bi kuwa na mazhabar Malikiyya ne, inda haddin mashayi bulala tamanin ne. Wannan ba ya nufin ba a san giya a ƙasar Zazzau ba, domin Maguzawa a ƙauyuka da ƙabilun kudancin lardin suna dafa tasu ta dawa tun kaka da kakanni, suna sha a bukukuwa da gayya da ranar kasuwa. Abin da babu shi ne gidan da aka buɗe a cikin gari ana sayarwa a fili.

Turawa sun kama Zariya a 1902, kuma sun zo ne da wata yarjejeniya a hannunsu, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890, aka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Arewacin Nijeriya ya faɗa cikin wannan rukuni, alhali a Kudu harajin barasar da ake shigowa da ita yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Dokar barasa ta 1917 ta tabbatar da wannan rabo, ta bar Arewa a matsayin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje, su Turawan kuwa suna shan abinsu a kulob ɗinsu na Bariki.

A daidai wannan lokaci ne dogo ya iso. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa ma'adinan kuza na Jos, aka kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Da haka Zariya ta zama mahaɗar jirage, ta cika da akawuna da makanikai da kafintoci da leburori, daga ƙasar Yarabawa da ta Ibo, har da mutanen Saliyo da Gana. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta son waɗannan baƙi su zauna cikin ganuwa, sai aka yanka musu fili kusa da tasha da kantunan Turawa, aka ja tituna a miƙe, aka sa wurin ƙarƙashin hukumar Bature maimakon dogaran Sarki. Sabon Gari ke nan. Tudun Wada kuma aka ware ta domin baƙi 'yan Arewa. Duk inda aka tara samari masu albashi, nesa da iyayensu da matansu, a unguwar da hukuncin alƙali bai kai ba, to ba sai an yi duba ba kafin a san irin kasuwar da za ta buɗe. Jirgin da ya kawo ma'aikatan shi ne kuma ya riƙa kawo barasar sumoga a ɓoye cikin kaya.

Wani abu da ya bambanta Sabon Garin Zariya shi ne Hausawa Musulmi masu yawa sun zauna a cikinsa tun da wuri, fataken goro da mahauta da masu kaɗe-kaɗe da matan da suka bar gidajen aure. Shi ya sa gidajen giyarsa ba na baƙi kaɗai ba ne. A wani gidan faifan garmaho na kiɗan Kudu ake sawa, a maƙwabcinsa kuma goge ake ja har asuba. Daga nan ne kalmomin nan na zargi, ɗan bariki da 'yar bariki, suka sami nauyinsu a bakin mutanen Birni.

Bayan dogo sai soja da makarantu. Daffon horar da kurata yana nan tun 1924, kowace bariki kuwa tana da kasuwarta a gefe inda matan soja ke sayar da abinci da abin sha. Kamfanin Gaskiya mai buga jarida da littattafai ya kafu a Tudun Wada a 1945, masana'antar taba sigari ta zo, jami'arku ta buɗe a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964, Samaru ta tashi daga ƙauyen tashar binciken noma ta zama gari mai ɗalibai daga kowace kusurwa. Da kamfanin giya ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, kwalba ta yi arha ta kuma yi kusa, ta fara ture ƙoƙon burukutu a wajen masu albashi. Duk da haka doka ba ta saki Musulmi ba, domin sashe na 403 na kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba ko tara ga Musulmin da ya sha giya. Wannan ne ya sa gidajen da Hausawa suka fi so ƙanana ne, a lungu, da labule a ƙofa, da wata ƙofar ta baya.

Tsofaffi sukan ce zamanin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, shi ne ganiyar abin. Raguwarsa ta biyo hanyoyi da yawa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi, hukumar jiragen ƙasa ta durƙushe aka sallami ma'aikata, wa'azi ya yi ƙarfi a masallatai da majami'u baki ɗaya. Rikicin da ya taso daga Kafanchan a watan Maris na 1987 ya iso Zariya, aka ƙona majami'u da otal-otal da gidajen giya. Na Kaduna a 2000 da na bayan zaɓen 2011 suka ƙara raba mazauni bisa addini, iyalai da dama da suka yi shekaru a Sabon Gari suka sayar da gidajensu suka tafi. Tsarin Shari'a da Jihar Kaduna ta fara aiki da shi a 2001 ya tarar da yawancin tsofaffin gidajen sun riga sun rufe ko sun koma bayan gari.

Tambaya ta uku

Malam, maigidana ya yi ritaya, ya kuma daina sha shekaru masu yawa, alhamdu lillahi. Amma duk yamma abokansa na dā sukan taru a ƙofar gida, hirarsu ba ta wuce gidan wance da gidan wane a Sabon Gari, suna ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne ƙarshen wata, in ya karɓi albashi ba ya shigowa sai tsakar dare, in kwana ina jiran bugun ƙofa, da safe in aika yaro gidanmu a ranto mana hatsi. Na sayar da kwanonin jerena ɗaya bayan ɗaya ban taɓa gaya wa kowa ba. In na ji dariyar nan sai in ji kamar ana yi da ni ne. Ko in yi masa magana, ko in ci gaba da haƙuri?

Daga wata uwa, Tudun Wada.

Amsa

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan haƙurin da kika yi, ya sa ki ci ribarsa. Na sa wasiƙarki a nan da gangan, domin duk mai jin labarin waɗannan wurare daga bakin maza, rabin labari yake ji. Littafin bashin da maza ke yabo, suna cewa mai gidan giya ta san mutunci ba ta kunyata kowa, shi ne dai littafin da ake fara biya ranar albashi kafin a tuna da mai hatsi da mai gidan haya. Zumuncin da suka samu a rumfar nan gaskiya ne, ba na musunsa, amma ba su kaɗai suka biya kuɗinsa ba, kuma wanda ya biya da kwanonin jerensa yana da ikon a ji ta bakinsa.

Shawarata ita ce ki yi magana, amma ki zaɓi lokaci da wuri. Kada ki yi ta a gaban abokansa, kada kuma ki yi ta a gaban 'ya'ya, domin dattijon da aka tsinka a gaban mutane kare kansa zai shiga yi, ba saurare ba. Ki same shi ku biyu, a ranar da ba a yi wata sa-in-sa ba, ki gaya masa abin da kika gaya mini kamar yadda kika rubuto shi, har da maganar kwanonin. Mai yiwuwa ne ƙwarai bai sani ba. Mata da yawa na zamaninku sun ƙware wajen rufin asiri har suka rufe wa mazajen kansu, mutum ya tashi da safe ya tarar da koko a gabansa, bai taɓa tambayar inda gero ya fito ba. Wanda ya tuba tsakaninsa da Allah ya yi abu mai girma, amma haƙƙin iyali haƙƙin bayi ne, yana buƙatar neman gafara daga mai shi, kuma ta yiwu maigidanki yana buƙatar wanda zai tuna masa wannan tun da sauran lokaci.

Ba na ba ki shawarar ki nemi a watse majalisar. Tsohon da ya bar aiki ya kuma rasa abokan hira saurin lalacewa yake yi, ke ce kuma za ki yi jinya. Bayan haka, mutanen da suka bar sha tare sukan zama garkuwa ga juna. Abin da za ki iya nema, kuma haƙƙinki ne, shi ne a rage wannan hira inda kunnenki da na yara ke kaiwa. In maganar ta yi miki nauyi, ki sa wata yayarsa ko wani aminin da yake jin kunya ya isar miki.

Tambaya ta huɗu

Malam, ni Bahaushe ne Kirista. Kakata a ƙauyenmu burukutu take dafawa, da shi ta biya wa babana kuɗin makaranta. Ina tuna tsakar gidanta ranar kasuwa, tsofaffi a gindin bishiya kowa da ƙoƙonsa, ana sasanta rigimar gona ana ƙulla aure. Yanzu in na je gida sai in ga samari da 'yan ledoji da ƙananan kwalabe, tun da hantsi sun fita hayyacinsu. Shin gaskiya ne na dā bai kai na yanzu illa ba, ko kuwa son zuciya ne ke sa nake ganin haka?

Daga wani ɗan'uwa, Wusasa.

Amsa

Ɗan'uwa, akwai gaskiya a abin da ka gani, akwai kuma abin da idon yaro bai gani ba. Ta fuskar ƙarfi, bambancin a fili yake. Burukutu aikin kusan mako guda ne: a jiƙa dawa, a shanya ta a lulluɓe ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a busar a niƙa, a dama a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, in ya huce a zuba ragowar na baya domin ya tashi. Sinadarin maye da ke cikinsa yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, yana da kauri yana cika ciki, ba ya kuma ajiyuwa, in ya kwana biyu ya lalace. Saboda haka shansa yana da rana, yana da wuri, yana kuma da idon manya a kai. Barasar da ake tacewa da tururi, irin ogogoro da wadda ake ƙullawa a leda, takan kai kashi 30 zuwa 40 ko fiye, tana shiga aljihu, yaro na iya saye da canjin aike ya sha a bayan kango ba wanda ya gan shi. In kuma aka sami ganganci wajen haɗawa, guba ce tsagwaronta. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoron da ke ɗauke da sinadarin methanol.

Amma kada wannan ya sa ka wanke na dā tas. Hanta ba ta tambayar daga ƙoƙo abin ya fito ko daga kwalba, jimlar abin da aka sha take lissafawa, wanda ya wuni a gindin bishiya yana ƙari kuwa ya sha da yawa. A tsakar gidan da aka sasanta rigimar gona, a nan ma aka fara wasu rigingimun. Akwai gonakin da aka jinginar, akwai rumbunan da suka ƙare kafin damina saboda dawar ta tafi tukunya. Ba banza ba majami'u da yawa na ƙasar nan suka daɗe suna hana mabiyansu dafawa da sha. Kakarka ta yi abin da ta iya da sana'ar da ta gada, ta ilmantar da ɗanta, ka tuna ta da alheri ba tare da jin kunya ba.

Game da samarin da ka gani, in akwai naka a ciki wanda abin ya kama sosai, har hannunsa ke rawa da safe kafin ya sha, kada a ɗaure shi a ɗaki a ce ya daina a rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya ga irin wannan na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. A kai shi wajen likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma asibitin tarayya na masu irin wannan lalura a Barnawa, Kaduna.

Tambaya ta biyar

Malam, babana yakan ce mu yaran yanzu ba mu da wurin zama irin nasu, sai waya. Ni kuwa ina ganin teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo sun ishe mu. Wa ya fi gaskiya?

Daga wani matashi, Gyallesu.

Amsa

Ɗana, ka fi shi gaskiya a wani ɓangare. Teburin mai shayi yana da benci, yana da mai wuri wanda ya san yawan sukarin kowa, yana da littafin bashi, ana musun siyasa da ƙwallo har dare ya raba, kuma mutum yakan tashi da hankalinsa da mafi yawan kuɗinsa. Inda babanka ya fi ka gaskiya shi ne wajen cuɗanya. A wuraren da yake tunawa, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutumin Kudancin Zariya suna zama kafaɗa da kafaɗa, suna jin harshen juna, suna zuwa sunan 'ya'yan juna. Teburin mai shayin unguwarku kuwa, in ka duba, kusan duk 'yan unguwa ɗaya ne, masallaci ɗaya. Gidan kallon ƙwallo ya fi kusa da wancan haɗin, sai dai ido na kan talabijin, ana busa tashi kowa ya kama gabansa, ga shagunan caca sun kafa kansu a maƙwabtaka. Ka tambayi babanka sunayen mutum biyar da yake zama da su da garuruwansu, kai ma ka lissafa naka biyar, ku gwada ku gani.